Yadda Za Ka Yi Gardamar Kirimiya A Fada Ba Tare Da Ka Sha Kunya Ba

Shekaranjiya da dare a fadarmu, shayi na biyu ko sauka bai yi ba aka kaure da gardama kan Kirimiya, wani abokinmu mai kabu-kabu ya rantse wai tun da Allah ya yi duniya ƙasar Rasha ce, mushen lakwal da ke zama da mu ya ce ƙarya ne, ƙwace ta da Rasha ta yi daga hannun Yukren a 2014 fashi ne da rana tsaka, aka yi ta ɗaga murya har mai gadin shagon da ke kusa ya leƙo ya ga ko dambe ake. Ni ina gefe ina fifita gawayi sai na miƙa wayata na ce to cikinku wa zai nuna min Kirimiyar a taswira? Ɗaya ya dangwala yatsa cikin Turkiyya, ɗayan ya ce ai tsibiri ne can tsakiyar teku. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda mutum zai bi maganar nan daki-daki, don tun da tutar Rasha ta fara yawo a garin nan babu satin da ba a tayar da ita.

Ka fara da taswira ɗan'uwa, kafin ka buɗe baki. Nemo Turkiyya, ka hau sama, ruwan da ke kanta shi ne Bahar Aswad. A arewacin ruwan za ka ga wata ƙasa tana reto a jikin Yukren kamar goran da aka rataya da igiya, to ita ce. Ba tsibiri ba ce, ziri ne, irin yadda ake cewa zirin Koriya, ruwa ya kewaye ta amma tana da wuya da ya haɗa ta da tudu. Wuyan nan sunansa Perekop, faɗinsa kilomita 5 zuwa 7 ne kacal, ko nisan Maradi da Tibiri bai kai ba. A gefensa akwai wani fadaman ruwan gishiri mai wari da suke kira Sibash. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne ta ƙasa Kirimiya da Yukren take manne, tsakaninta da Rasha kuwa ruwa ne, mashigin Kerch, kuma sai a 2018 Rasha ta buɗe gada a kansa mai tsawon kilomita 19, layin jirgin ƙasa ya biyo baya a 2019. Girman Kirimiya wajen murabba'in kilomita 27,000, wato jihar Maradi ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ta dai ɗan ɗara jihar Katsina. Mutanenta miliyan biyu da 'yan kai.

In ka lura a Google Maps daga nan wajenmu layin da ke wuyan a ɗige-ɗige yake, ba a ja shi ɗoɗar ba, alamar wuri ne da ake jayayya a kai. Wanda ke cikin Rasha in ya buɗe tasa wayar wani layin daban zai gani. Don haka kar wani ya tsorata ka da hoton taswira, tambaye shi wa ya zana.

Arewacin zirin fili ne shimfiɗaɗɗe mai ƙarancin ruwa, ana noman alkama, kudu kuma duwatsu ne da gonakin inabi da bakin teku inda manyan Sobiyet ke zuwa shan iska, can garin Yalta yake, inda Stalin da Roosevelt da Churchill suka zauna a Fabrairun 1945 suka tsara yadda duniya za ta kasance bayan yaƙi. Babban birni Simferopol. Amma ainihin naman da ake faɗa a kai Sebastopol ne, tashar jiragen ruwa mai zurfi da ruwanta ba ya daskarewa lokacin sanyi, nan Rasha ta kafa sansanin rundunar ruwanta ta Bahar Aswad a 1783, daga nan jirgi zai ratsa ta Istanbul ya faɗa Bahar Rum. Mu 'yan Nijar ba sai an yi mana dogon bayani kan darajar tashar ruwa ba, ka tambayi duk wani Alhajin kasuwa abin da ya gani tun da hanyar Kwatano ta toshe aka koma zagayowa ta Lome.

Sai ruwan sha, wanda masu gardama ba su cika kawowa ba alhali nan ne abin ya fi kama da namu. Kirimiya ba ta da wadataccen ruwa nata, a zamanin Sobiyet aka haƙa wata doguwar hanyar ruwa daga kogin Dnipro cikin Yukren, kafin 2014 ita ke kawo kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da zirin ke amfani da shi, galibi don noman rani. Bayan 2014 Yukren ta datse ta, noman shinkafa a can ya durƙushe, da yaƙi ya ɓarke a Fabrairun 2022 cikin abubuwan farko da sojan Rasha suka yi har da fasa wannan datsiyar, sannan a Yunin 2023 babbar madatsar Kakhobka ta rushe ruwan ya sake ja baya. Duk manomin da ke bakin Gulbin Maradi ya san me ake nufi da ruwanka ya biyo ta gonar maƙwabci, ai madatsar Jibiya na nan. Haka kuma, a Nuwamban 2015 aka kayar da turakun wutar da ke shigowa daga Yukren, zirin ya kwana cikin duhu na makonni, mu ma mun ɗanɗana irinta a 2023 da Najeriya ta yanke mana.

To yanzu ka san wurin. Dabarar gardamar kanta guda ce, ka raba tambayoyi uku da mutane ke cakuɗawa: su wa suka zauna a wurin a tarihi, wa ke da takarda, wa ke riƙe da shi yau. Kamar rikicin gona ne gaban mai gari, wani ya ce kakana ya sare dajin, wani ya fito da takardar saye, na uku kuma shi ke ciki yana noma da gatari a kafaɗa. In abokin gardamarka ya tsallaka daga wannan zuwa wancan ka dawo da shi.

Duk wanda ya ce maka "tun asali", ka ce masa wace shekara? Don asalin Kirimiya layi ne dogo. Girkawa sun kafa garuruwa a bakin tekun tun kafin haihuwar Annabi Isa, 'yan kasuwar Jenowa ta Italiya sun riƙe tashar Kaffa, Mongol sun zo sun wuce. A wajen 1441 Haji Giray ya kafa daular Tatar ta Kirimiya, Musulmi ne masu yare dangin Turkanci, fadar sarkinsu na Bakhchisaray, har yau ginin na nan da masallacinsa. Daga 1475 suka shiga inuwar Daular Usmaniyya. Kuma kar son addini ya sa ka mai da su waliyyai, mahayan doki ne masu kai hari, sun kwashi bayi ba adadi daga ƙasashen Yukren da Rasha da Poland suna sayarwa a kasuwar Kaffa, a 1571 ma sun ƙona Mosko. Sai reshe ya juye da mujiya, Rasha ta yi ƙarfi ta ci Usmaniyya da yaƙi, yarjejeniyar 1774 ta raba Kirimiya da Istanbul, a 1783 sarauniya Katarina ta haɗiye ta. Yi lissafin da kanka, Tatar sun yi sarauta sama da shekara 300, zaman zirin cikin Rasha daga 1783 zuwa 1954 shekara 171 ne, cikin Yukren daga 1954 zuwa 2014 shekara 60. In da tsawon zama ake rabon gado, ba Rasha ba ce a gaba.

Amma ka yi wa Rashawa adalci, ba don jiragen ruwa kaɗai suke son wurin ba, jininsu ya zuba a can. A yaƙin 1853 zuwa 1856 Ingila da Faransa da Usmaniyya sun yi wa Sebastopol ƙawanya kusan shekara guda, a yaƙin duniya na biyu sojan Hitila suka sake yi mata ta wata takwas. Yaron Rasha da labarin garin nan yake tashi.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka daɗe, don shi ne amsar mai cewa ai yawancin mutanen can Rashawa ne. Gaskiya ne, a ƙidayar 2001 Rashawa sun kai wajen kashi 58, 'yan Yukren 24, Tatar 12. To ya aka yi masu gida suka koma kashi 12? Tun bayan 1783 suke ta hijira zuwa ƙasar Turkiyya, musamman bayan yaƙin 1856, duk da haka a ƙidayar 1897 sun ɗan fi Rashawa yawa. Ranar 18 ga Mayun 1944 da asuba jami'an tsaron Stalin suka bi gida-gida, aka ba mutane 'yan mintoci su ɗauki abin da hannu zai iya, cikin kwana uku aka loda kusan mutum 190,000 a taragon dabbobi, tsofaffi da mata da jarirai, aka nufi Uzbekistan da wasu wurare masu nisa da su. Laifin da aka ɗora musu wai sun haɗa kai da Jamusawa. Akwai waɗanda suka yi hakan, amma aka shafa wa al'umma gaba ɗaya kashin kaji, alhali dubban mazansu na bakin daga cikin sojan Sobiyet, har da matuƙin jirgin yaƙi Amet-Khan Sultan da aka ba lambar gwarzon ƙasa sau biyu. Dubun dubata suka mutu a hanya da shekarun farko saboda yunwa da cuta. Aka sauya sunayen ƙauyukansu, aka zuba baƙi a gidajensu, ba a bar su sun dawo da yawa ba sai wajen 1989, suka tarar da wasu a ɗakunan iyayensu. Su suna kiran abin Surgun. Wallahi duk sanda na ji ɗan'uwa Musulmi a fada yana cewa ai kowa a Kirimiya Barashe ne sai in ji wani iri, don ko sunan mutanen nan bai taɓa ji ba.

Mu koma takarda. A Fabrairun 1954, zamanin Khrushchev, majalisar ƙolin Tarayyar Sobiyet ta cire Kirimiya daga jamhuriyar Rasha ta sa ta cikin jamhuriyar Yukren, aka ce albarkacin cika shekara 300 da yarjejeniyar 1654 tsakanin ɓangarorin biyu, sannan ga dalilin ruwa da wuta da layin dogo da duk ta Yukren suke biyowa. A lokacin ba wanda ya damu, kamar a cire ƙauye daga Madarunfa a mayar da shi Gidan Rumji ne, ƙasa ɗaya ce. Rashawa yau suna cewa kyautar ba ta bi ƙa'ida ba, kuma ba a tambayi mazauna ba. Kar ka ɓata yawunka a nan, ka ce na ji, to bayan Sobiyet ta watse fa? A Disamban 1991 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin Yukren, a Kirimiya kashi 54 suka ce e, mafi ƙaranci a duk ƙasar amma dai rinjaye ne. A 1994 a Budapest Yukren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada, Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu za su mutunta iyakokinta yadda suke. A 1997 Rasha da Yukren suka ƙulla yarjejeniyar abota da ta sake tabbatar da iyaka, suka raba jiragen ruwan, Rasha ta karɓi hayar sansanin Sebastopol na shekara 20. A 2003 Putin da kansa ya sa hannu kan yarjejeniyar iyaka. A 2010 aka tsawaita hayar zuwa 2042 a madadin rangwamen kuɗin gas. Wannan maganar haya ita ce sandarka, ka tambayi abokin gardamarka cikin ruwan sanyi, Malam, mutum na biyan haya a gidansa?

Kar kuma ka ɓoye cewa zaman bai kasance lafiya lau ba. Zirin na da gwamnatin cin gashin kai, a 1992 majalisarsa ta rubuta kundin tsarin mulki mai ba shi iko sosai, a 1994 suka zaɓi Yuri Meshkov mai son komawa Rasha, gwamnatin Yukren da ke Kiyef ta soke kujerar a 1995. Masu son Rasha a can ba ƙirƙirarsu aka yi ba, suna nan da yawa.

Sai 2014, kuma nan ka riƙe jerin kwanakin don a jerin ne maganar take. Zanga-zanga ta yi zafi a Kiyef, shugaba Yanukobich mai ɗasawa da Mosko ya bar gari wajen 22 ga Fabrairu. Ranar 27 wasu sojoji masu rufe fuska, kakinsu ba tuta ba suna, suka kame majalisar Simferopol, a ranar aka naɗa Sergei Aksyonov shugaban gwamnati. Ranar 16 ga Maris aka yi ƙuri'ar raba gardama, ranar 18 aka sa hannu a Kremlin, fadar shugaban Rasha, kan shigar da zirin cikin Rasha. Daga shigar soja zuwa sa hannu ko sati uku ba a cika ba. Da farko Putin ya ce ba sojansa ba ne, daga baya shi da bakinsa ya amsa cewa nasa ne. Sakamakon da aka sanar kusan kashi 97 na son Rasha. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zaɓi biyu ne a takardar, ko a shiga Rasha, ko a koma kundin 1992, babu gurbin mai cewa a bar abu yadda yake. Majalisar Tatar da ake kira Majlis ta ce mutanenta su ƙaurace. Kundin Yukren kuma ya ce ba a taɓa iyakar ƙasa sai da ƙuri'ar 'yan ƙasa baki ɗaya. Ni a ganina ko da an yi zaɓen gaskiya mai yiwuwa ne masu son Rasha su yi rinjaye, amma zaɓe da bindiga a bakin ƙofa cikin kwana 17, mu da muka ga zaɓuɓɓuka iri-iri a yankin nan mun san sunansa.

A Kwamitin Sulhu Rasha ta hau kujerar naƙi, Sin ta ƙi kaɗa ƙuri'a. A babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 27 ga Maris 2014 ƙasashe 100 suka ce Kirimiya ta Yukren ce kuma ƙuri'ar ba ta da inganci, 11 suka ƙi, 58 suka yi rowar ƙuri'a, Nijar da Najeriya na cikin ɗarin nan. Waɗanda suka fito fili suka amince ta Rasha ce 'yan ƙalilan ne, irin su Koriya ta Arewa da Nikaragwa da Siriya ta zamanin Assad. Turkiyya duk cinikin da take da Rasha har yau ta ƙi. Tatar kuwa aka hana dattijonsu Mustafa Jemilev shiga zirin, a 2016 aka haramta Majlis ɗin da sunan tsattsauran ra'ayi. Amsar tambaya ta uku kenan, Rasha ke riƙe da wurin, kuɗinta ake kashewa, fasfonta ake bayarwa, dokarta ke aiki.

To za a jefo maka Kosobo, a ce Turawa sun ɓalle ta daga Sabiya a 2008 ba wanda ya ce uffan, a ƙara da Iraƙi a 2003 da Libiya a 2011. Kar ka musa, munafuncin manyan ƙasashe ba ɓoyayye ba ne, mu da rushewar Libiya ta zubo wa makamai mun fi kowa sani. Ka dai ce masa ita Kosobo ba wata ƙasa ce ta haɗiye ta ba, kuma Rasha da kanta har yau ba ta amince da 'yancinta ba, to ya za ta kafa hujja da abin da ta ce haramun ne? Satar wani ba ta wanke ta wani.

In ya dage kan tarihi sai ka kawo masa gida. Mu nan sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, don bayan jihadi wajen 1807 aka fitar da gidan sarautar Haɓe daga birnin Katsina suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari, kamar yadda Gobirawa suka kafu a Tibiri bayan faɗuwar Alkalawa. Yare ɗaya, addini ɗaya, auratayya ta ko'ina, Turawan Faransa da Ingila ne suka ja layi tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. To gobe in wani mai ƙarfi a Abuja ya ce Maradi Katsinawa ne zai zo ya kare su, ya turo soja ya shirya ƙuri'a cikin sati biyu, za ka yarda? Saboda gudun irin haka ne shugabannin Afirka suka zauna a Alƙahira a 1964 suka ce a bar iyakokin da aka gada duk muninsu. Kuma an ga yadda ake yi in an bi ta kotu. Zirin Bakasi yawancin masuntan cikinsa 'yan Najeriya ne, kotun duniya a 2002 ta duba takardun Ingila da Jamus na 1913 ta ba Kamaru, Najeriya duk ƙarfinta ta haɗiye ta miƙa a Agustan 2008, har yau akwai masu jin zafin abin. Mu ma tsibirin Lete a kotun muka same shi a 2005 tsakaninmu da Benin.

Saura labaran waya. Ka lura da kalmar da mai labari ke amfani da ita, mai cewa Kirimiya ta "koma gida" ka san inda ya dosa, mai cewa "mamaya" shi ma ka san nasa, Majalisar Ɗinkin Duniya dai mamaya take cewa. In an turo maka bidiyon gadar Kerch na ci da wuta a WhatsApp an ce yau ne, ka duba da kyau, an kai mata hari ranar 8 ga Oktoban 2022, an sake a Yulin 2023, tsofaffin hotunan nan ake ta juyawa. Haka jirgin ruwan yaƙin Rasha mai suna Moskva, tun Afrilun 2022 ya nutse, amma wata biyu da suka wuce wani ya turo min shi a guruf ɗin unguwa da rubutun "yanzu-yanzu".

Jiya na koma fada da wayata cike da caji, na bi musu abin tun daga wuyan Perekop. Mushe ya so ya yi murna na ce dakata, kai ma ba ka san da Meshkov ba. Mai kabu-kabu bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce shi dai mai ƙarfi shi ke da gona, amma ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon hoton masallacin Bakhchisaray, sannan ya ce in sake faɗa masa sunan mutanen nan da aka loda a tarago.